Hukuncin jinin dasashi ga mai alwala da mai azumi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne a Marwa. Duk lokacin da na yi asuwaki ko na sa buroshi sai in ga jini a yawuna, har na bar goge baki kusan wata guda don tsoron kada alwalata ta warware ko azumina na Litinin da Alhamis ya ɓaci. Shin daidai na yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tsoron da ya kai ka ga wannan abin yabo ne, amma barin gogewar kuskure ne, kuma ina roƙonka ka koma mata tun yau.

Game da alwala, a mazhabar Imam Malik da muke bi a wannan yanki fitar jini daga baki ko hanci ko rauni ba ya cikin abubuwan da ke warware ta. Ka tofar, ka kurkure bakinka, ka yi sallarka.

Azumi shi ne ya fi buƙatar bayani. Ibn Abi Zaid ya faɗa a cikin Risala cewa babu laifi mai azumi ya yi asuwaki a dukkan yininsa, wato ko bayan rana ta karkata. Abin da malamanmu suka karhanta shi ne ɗanyen asuwaki, irin reshen darbejiyar da mutum ke karya a bakin titi yana tafe yana taunawa, domin ruwansa da ɗacinsa suna cakuɗuwa da yawu su nufi maƙogwaro. A kan wannan nake kiyasta man goge baki, don haka ka bar shi sai bayan buɗe baki da bayan sahur kafin alfijir, da rana kuwa busasshen asuwaki ya ishe ka. Jinin da ya fito idan ka tofar da shi azuminka yana nan daram, wanda ya rinjaye ka ya wuce ba da nufinka ba saboda ciwon dasashi an yi maka rangwame a kansa, amma wanda ka haɗiye da gangan alhali kana iya tofarwa ya ɓata azumin.

Abin da ya fi damuna shi ne watan nan da ka yi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da asuwaki a kowace salla. Sunna mai ƙarfi haka ba a barin ta saboda shakka. Sannan likitocin haƙori sun bayyana cewa galibin wannan jini daga dattin da ke taruwa a gindin haƙora yake, wanda ke kumbura dasashi, idan ya daɗe kuma ya daskare ya zama kamar dutse, sai a asibiti ake kankare shi. Ke nan barin gogewa ƙara ciwon yake yi, balle ga tela da kofin shayi mai zaƙi ba ya rabuwa da gefen kekensa.

Ka nemi buroshi mai laushi da man da ke ɗauke da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, ka goge sau 2 a rana, minti 2 kowane karo, a hankali, kana bin inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka sauya buroshin bayan wata 3. Kan asuwakinka idan ya baje ka yanke shi ka tauna sabo, ka kuma nisanci dirzar haƙora da gawayi ko toka, domin suna cinye farin ɓawon da ya rufe haƙori. Idan mako 2 ya wuce jinin bai tsaya ba, ko haƙori ya fara girgiɗi, ka je wurin likitan haƙori, ka sa a auna maka sukari, saboda ciwon sukari yana tsananta ciwon dasashi. Allah ya ba ka lafiya. Wallahu a'alam.