Ramin Burji a Gonar Gado: Wa Zai Biya Kuɗin Cikewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarun baya mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bai wa wani ɗan kwangila rabin gonarmu ya ɗebi burji da tsakuwa na aikin titi. Da aiki ya ƙare sai ya kwashe katafilolinsa ya yi gaba, ya bar mana rami mai faɗin kusan hekta guda, zurfinsa mita 3. Yanzu gari ya iso mu, 'yan'uwana suna so a yanka fulotai, ga kuma wani kamfani yana neman ɗaya rabin shi ma ya haƙa. Wa ke da alhakin cike ramin nan? Me kuma za mu ce da sabon kamfanin? Daga mai karatu a Gezawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya haɗa kanku.

A doka, wanda ya haƙa shi ne da gyara. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisin haƙa nauyin gyara ƙasar da ya ɓata, ta kuma kafa asusun kare muhalli da masu lasisi ke zuba kuɗi a ciki. Tsakuwa, yashi da burji duk suna ƙarƙashin dokar, domin sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya ma'adinan da ke ƙasa, ko da gonarka ce. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: yawancin irin wannan ciniki a gindin bishiya ake yin sa, a gaban dagaci, ba lasisi ba rubutu. Ka binciki takardun marigayi. In akwai yarjejeniya, kai wa lauya. In babu, bin sawun mutumin nan zai iya cin kuɗin da ya fi abin da za ku karɓo.

Kafin a kira safiyo, ku zauna da 'yan'uwanka ku yi lissafi. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce. A zurfin mita 3, kuna bukatar ƙasa kubik mita 30,000. In tifa tana ɗaukar kubik mita 10, lodi 3,000 ke nan. Tambayi direban tifa nawa lodi yake a yau, ka ninka. Ba a sa hayar katafila da rola ba, ba a sa man dizal ba. Sau da yawa a nan zancen fulotai ke mutuwa, don kuɗin cikon ya haɗiye na filin.

Akwai masu zuwa su ce a bari a riƙa zuba shara, kyauta ramin zai cika. Kada ku yarda. Bola ruɓewa take yi ta lotsa, gidan da aka ɗora a kanta bangonsa tsagewa yake yi daga taga zuwa tushe. Ciko na gaskiya kashi-kashi ake zuba shi, a yayyafa ruwa, rola ta danne, sannan a ƙara. Ga kuma ruwan damina da ramin ke sha: in kun toshe, ina zai nufa? Mutanen birnin Kano sun ga abin da cike kududdufai ke jawowa a watan Agusta. Da ni ne, sai in kwantar da gaɓar ramin don kada yara da dabbobi su rufta, in kewaye shi, in duba ko zai yi kiwon kifi ko noman rani.

Mayar da gona fulotai kuma ba da baki ake yi ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, don haka sai ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane sun amince.

Sabon kamfanin ne inda kuke da sauran dama, tun ran gini ran zane. A Amurka, dokar 1977 ta hana fara haƙar kwal a sarari sai kamfani ya ajiye lamunin da zai isa gwamnati ta gyara wurin in ya gudu, ana kuma sakar masa shi ne mataki-mataki yayin da gyara ke tafiya. Ku ma ku nemi haka. Su nuna lasisinsu daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja. A rubuta iyakar zurfi, a rubuta cewa za a kankare ƙasar saman gona a tara ta gefe don a mayar. Injiniya ya ƙiyasta kuɗin gyara, su kawo takardar lamuni daga banki, ko a zuba kuɗin a asusun da ba ya fita sai da sa hannun ɓangarorin biyu. Kuɗin haya daban, na gyara daban, kuma a riƙa sabunta ƙiyasin duk shekara saboda tashin farashi. In sun ce za su biya bayan an gama, tifa ko ɗaya kada ta shiga gonar.