Jimla nawa ya kamata sakin layi ya ƙunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A makaranta an koya mana cewa sakin layi jimla 5 ne, amma a jarida ina ganin mai jimla ɗaya, a littattafan ilimi kuma wani yakan kusa cinye shafi. Wanne zan bi idan zan rubuta maƙala?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Jimla 5 ɗin nan dabara ce ta horar da mai koyo, ba doka ba ce. Batu ne ke yanke sakin layi. Kin ɗauko magana ɗaya, kin kai ta inda za ta tsaya, to nan za ki saki layi.

Yawanci abu uku ne a cikinsa. Akwai jimlar da ke faɗin batun, kuma ta fi kyau a farko domin mai karatu ya san inda aka dosa. Sai hujja ta biyo, ko misali, ko adadi, ko dalili. Daga nan sai jimlar da ke nuna abin da hujjar ta tabbatar, kodayake ba kullum ake buƙatarta ba. A ce kin fara da "Latsa waya da dare yana hana barci da wuri." Duk abin da zai biyo dole ya tsaya kan hasken allo, da ɗauke hankali, da lokacin kwanciya. Da zarar tsadar waya ta shigo, wani batun ne, a ba shi gurbinsa.

Tsawo kuwa ya danganta da inda za a karanta rubutun. Jarida tana jera rubutu a siraran ginshiƙai, shi ya sa jimla 1 zuwa 3 kan isa, kuma hakan na ba edita damar datse labari daga ƙasa idan fili ya yi kaɗan. Maƙalar ilimi tana ɗaukar kalmomi 100 zuwa 200, saboda hujja na son fili. Abin da za a karanta a waya, ki riƙe shi tsakanin 40 zuwa 80, don mai kalmomi 150 yakan cika allon gaba ɗaya, ido ya rasa wurin hutawa.

Matsalar da ta fi yawa ita ce jera "sai", "kuma", "wanda" har batu uku su cakuɗe a jimla ɗaya ba aya. Rubutun yana bin salon baka ke nan, alhali a takarda babu muryar da za ta raba su. Kishiyarta ma illa ce: a saki layi bayan kowace jimla. Nan kalmomin haɗi irin su "sai dai" da "saboda haka" sukan zube, mai karatu ya ga maganganu a warwatse bai san wacce ta haifi wacce ba.

Idan kin gama, ki rubuta batun kowane sakin layi a gefe da kalmomi 4 ko 5. Wanda bai taƙaitu ba sai da "da kuma", ki raba shi biyu. Biyu a jere da suka ba ki taƙaitawa iri ɗaya, ki haɗe su. Sannan ki karanta jimlolin farko kaɗai daga sama zuwa ƙasa. In zaren ya tsinke a wani wuri, jerin ne ke buƙatar gyara.