Bulok na baƙin ƙarfe daga Amurka: wa ya kamata ya saya?

Tambaya daga Yamai: “Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar Chevrolet Suburban mai injin V8 lita 5.7. Ta marigayi mahaifina ce, ba ni da niyyar sayar da ita. Injin ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi. Na ga masu haɗa injin a Amurka suna sayen sabon bulok na baƙin ƙarfe na kamfanin Dart, su fitar da ƙarfin doki 600 ko fiye. Ina da ɗan abin da na tara. In yi odarsa?”

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Riƙe motarsa da ka yi abu ne mai kyau, kuma shi ya sa ba na son kuɗinka ya tafi inda ba zai dawo maka da ita kan hanya ba. Kada ka yi odar nan yanzu.

Injin da ke cikin motarka zuriyar ƙaramin V8 ɗin Chevrolet ne da ya fara fitowa a 1955. Ko a ƙirarsa ta ƙarshe, ta 1996 zuwa 1999, ƙarfinsa a Suburban kusan doki 250 ne. Amma bulok ɗinsa, wato gangar jikin da silinda takwas ke ciki, shi ma baƙin ƙarfe ne, kuma masu wannan sana'a sun daɗe suna fitar da doki 400 daga cikinsa hankali kwance. Ka ga ke nan kana da fili mai yawa a gida wanda ba ka taɓa ba tukuna.

Bulok irin na Dart an yi shi ne don wanda ya wuce wannan iyaka. Bangon silindarsa ya fi kauri, silindojin kuma manne suke da juna, babu hanyar ruwa a tsakaninsu. Wannan ne ya ba da damar faɗin silinda ya kai inci 4.125, kusan milimita 105, maimakon inci 4 na asali. In aka haɗa wannan faɗi da bilbireke mai dogon zango na inci 4 (bilbireke ita ce sandar ƙasa da pistoci ke juyawa), injin lita 5.7 ya koma lita 7. Maƙallan da ke riƙe da bilbireke noti huɗu-huɗu gare su, na gefe an karkata su don su kama naman ƙarfe mai kauri. Baƙin mai kuma yana fara isa kusinen bilbireke, wato shimfiɗar ƙarfen da take juyawa a kai, kafin ya hau sama, alhali a bulok na asali sai ya biya ta sandar kam, mai buɗe bawul da rufe su, tukuna. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai in ban da ƙarin girman injin, ko ɗaya daga cikinsu ba ya ƙara doki guda da kansa. Aikinsu su hana injin tarwatsewa sa'ad da sauran kayan suka kawo ƙarfin.

Abin da hotunan intanet ba sa nuna maka shi ne halin da bulok ɗin yake isowa. Tsirara yake zuwa, kuma ba a gama shi ba. Da gangan ake barin silindojin a ɗan matse, domin mai gyara ya goge su daidai da piston ɗin da ka saya. Tazarar da ake bari tsakanin piston na ƙarfi da bangon silinda wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ce, kaɗan ta ɗara kaurin gashin kai. Kuma ba a gogewa haka kawai. Sai an ɗaura wani faranti mai kauri a saman bulok da irin ƙarfin da za a ɗaure kilas, wato murfin saman silinda, domin notin kilas na ɗan murɗa silinda. In an goge babu farantin, silindar da ta fita a zagaye za ta karkace ranar da aka rufe injin. To wa zai yi maka wannan? Muna da makanikai masu basira a Yamai, waɗanda za su tada injin Toyota ido rufe. Amma ka je ka tambayi mai gyaran silinda ko yana da wannan faranti na ƙaramin V8 ɗin Chevrolet, da ma'aunin cikin silinda mai agogo. Ka tambayi makanikenka ko yana da sufanu na inci, don notin wannan injin ba na milimita ba ne. In babu a nan, ka bincika Kano ko Kaduna tun kafin ka biya ko dala. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun kuɗi. Bulok tsirara kan haura dalar Amurka 2,000, wato sama da miliyan guda na sefa tun yana can ƙasarsu. Nauyinsa wajen kilo 80 ne, ga kuɗin jirgin ruwa, ga na hanya, ga duwan. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kuma kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada. Bayan haka ne fa sayayyar gaske za ta fara: bilbireke, biyel (sandunan da ke haɗa piston da bilbireke), pistoci, kilas biyu masu numfashi sosai, sandar kam, famfon esans. In Suburban ɗinka ƙirar 1500 ce, giyar da ke cikinta ba za ta ɗauki doki 600 ba, ita ma sai an sake. Birki kuwa ba na ma son a tattauna shi a matsayin zaɓi. Mota mai nauyin fiye da tan biyu, a titin da yara da masu kabu-kabu ke tsallakawa, birkinta ake fara gyarawa kafin a ƙara mata gudu.

Akwai kuma abin da mai haɗa injin a jihar Mishigan ta Amurka bai sani ba game da mu. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai na wuce digiri 40. Injin da aka matse sosai, irin mai matsin 11 bisa 1, wato mai matse iska da esans ninki 11 a cikin silinda, yana son esans mai daraja da iska mai sanyi. In bai samu ba, esans ɗin zai riƙa fashewa da kansa a cikin silinda, ka ji ƙwanƙwasa ƙasa-ƙasa in ka taka, kuma wannan ƙwanƙwasa ce ke fasa piston komai tsadar bulok ɗin da yake ciki. Esans ɗin gidan mai daban, na kwalba a bakin titi daban, kuma wanda ke tafiya ƙauye wata rana dole zai sha na kwalba. Don haka duk injin da za ka haɗa, kada matsinsa ya wuce 9 ko 9.5 bisa 1.

Ga abin da zan yi da motar in tawa ce. A sauke injin, a wanke bulok, a duba tsagewa, a auna silinda. In lafiyarsa lau, a faɗaɗa silinda da inci 0.030 a saka bilbireke mai zangon inci 3.75. Wannan haɗi ne sananne da ake kira 383, yana ba da lita 6.3, kayansa a cike suke a kasuwar Amurka, kuma ƙarfinsa daga ƙasa yake tasowa, wanda shi ne mota mai nauyi take buƙata. Radiyata babba, sabon famfon ruwa, sauran kuɗin a kan birki. In kuwa an tarar bulok ɗin ya tsage, ko an riga an faɗaɗa silindarsa da inci 0.060, to a nan sabon bulok ya zama magana. Ko a lokacin, ka sayi wanda aka riga aka goge, aka haɗa masa bilbireke da pistoci aka daidaita nauyinsu tun daga can. Ka kuma gaya wa mai sayarwa shekarar motarka, domin daga 1986 Chevrolet ta sauya robar da ke tare mai a bayan bilbireke, kayan kafin wannan shekara da na bayanta ba sa shiga juna kai tsaye.

Tambaya daga Tawa: “Yaya, ina jigilar kaya tsakanin Tawa, Abalak da Agadas da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, injin esans silinda shida lita 4.5. Abokina ya ce in cire in saka V8 na Amurka. Wanne ya fi jure zafinmu, na baƙin ƙarfe ko na alminiyam?”

Ƙanena, baƙin ƙarfe ya fi haƙuri. In zafi ya tashi, alminiyam na buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa, kuma ya fi saurin murɗewa in ruwa ya ƙare. Abin da alminiyam ya fi shi da shi rashin nauyi ne: a V8 ɗin zamani na General Motors bambancin ya kai wajen kilo 45, kuma mai shiga rairayi ya san abin da nauyi a hancin mota yake yi.

Amma injin da kake son cirewa, 1FZ, bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne tun daga Toyota, kuma yana cikin masu ƙarfin da suka taɓa yi. Gaskiya ne V8 lita 5.3 da lita 6 na manyan motocin General Motors, waɗanda suka fara fitowa a 1999, suna da bulok mai ƙwari, har matasan can na saka masu turbo. Sai dai hanyar Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400 ce. In famfon ruwan Toyota ya mutu a Abalak za ka samu, ko a aiko maka daga Tawa ko Ƙwanni kafin gobe. In na'urar kwamfutar V8 ta tsaya maka bayan Abalak da tsakar rana, kai da yaran mota da jarkar ruwa guda, wa za ka kira? Wannan abin nake gudar maka. Ka bar injinka. Ka sa masa sabuwar radiyata ta asali, ka ɗaga bututun shan iska sama, ka riƙa duba filtar iska kowace tafiya lokacin hunturu, domin ƙurar da ta ratsa filta ita ke cinye silinda. Ka kuma tuna kilas ɗinsa alminiyam ne. Allurar zafi na tashi ka tsaya.

Tambaya daga Yamai: “Malam, an nuna mini wani bulok na hannu a wajen masu tsofaffin ƙarafa, mai shi ya ce na tsere ne. Yaya zan gane?”

Malam, kamfanonin da ke yin irin wannan bulok suna zuba sunansu a jikin ƙarfen, ka wanke shi ka nema. Ka tabbata maƙallan bilbireke duka biyar suna nan kuma nasa ne, domin tare da bulok ake huda su, na wani ba ya zama daidai sai an sake aikin huda. Ka je da mai awo ya auna kowace silinda sama, tsakiya da ƙasa, ya duba tsagewa a tsakanin silinda da kewayen ramukan noti. In mai kayan ya ƙi a auna, ka yi masa godiya ka tafi da kuɗinka.