Tambaya da Amsa: Sabar Apache da Ikon Root a Linux

Tambaya: Na saba da Ubuntu, sai na koma Rocky Linux. Na nemi apache2 aka ce babu shi.

Amsa: Apache, wato manhajar da ke miƙa shafukan intanet ga masu ziyara, yana nan, suna ne ya bambanta. A Debian da Ubuntu apache2 ne, saitunansa na /etc/apache2. A Fedora, Rocky da AlmaLinux kuwa httpd ake kiransa, yana /etc/httpd. Buga dnf install httpd, sannan systemctl enable --now httpd, domin a can ba ya tashi da kansa. Kada ka ɓata lokaci neman a2ensite, umarnin kunna shafi na Ubuntu, ajiye saitin shafinka cikin /etc/httpd/conf.d, ka kuma buɗe http a firewalld, wato katangar tsaron sabar.

Tambaya: Na girka Debian, sudo ya ƙi ni.

Amsa: Ka sa wa root, wato asusu mai cikakken iko, kalmar sirri lokacin girkawa, shi ya sa ba a saka ka a rukunin sudo, masu izinin aron ikon root, ba. Buga su - da ɗan layin nan, in ba haka ba usermod ba zai samu ba. Sai usermod -aG sudo da sunanka, ka fita ka sake shiga. A Fedora sunan rukunin wheel.

Tambaya: Shafina a AlmaLinux yana ba da 403, wato an hana shiga. Na yi chmod -R 777 bai gyaru ba, da na kashe tsarin tsaro na SELinux sai ya buɗe. Shi ke nan ko?

Amsa: Haba malam! Mukulli ya ƙi juyawa sai ka cire ƙofar gaba ɗaya? Wannan 777 ɗin shi ya fi damuna a harkar nan. Ma'anarsa kowane asusu a kan sabar, har da wanda Apache ke gudana da shi, na iya rubutu a fayilolinka. Ranar da aka samu kafa ɗaya a wata manhajar PHP, mai kutse zai ajiye nasa fayil ya zauna daram. Kuma ka gani da idonka bai magance komai ba, domin matsalar ba a nan take ba.

Kusan tabbas mv ka yi amfani da shi wajen kwaso fayilolin daga /home. Shi mv yana tahowa da tsohon lakabin SELinux, alhali Apache lakabin httpd_sys_content_t yake karantawa. Maida SELinux da setenforce 1, ka duba /etc/selinux/config ko ka canza shi a can ma, sannan ka buga restorecon -Rv /var/www/html. Manyan fayiloli, wato folda, su koma 755, sauran fayiloli 644. Inda ake loda hotuna kaɗai za ka mallaka wa asusun apache, ka ba shi lakabin httpd_sys_rw_content_t. A Ubuntu asusun www-data ne, kada ka kwafo umarnin can ido rufe.

Kuma ka riƙa karanta /var/log/httpd/error_log da /var/log/audit/audit.log kafin ka taɓa izinin kowane fayil.