Amsa ga mai tambaya kan shagon kayan tambarin makaranta

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai na son buɗe shago a harabar makaranta, a riƙa sayar da riguna da huluna masu tambarin makarantar, kuma kana tambaya ta ina za a fara, da ko hakan zai dawo da waɗanda suka daina zuwa taro.

Na biyun ya fi saurin amsawa. Riga ba ta dawo da wanda ya yi fushi. Wanda ya bi ofis uku yana neman takardar sakamakonsa aka yi ta ce masa "dawo gobe", ba hula ce za ta wanke masa zuciya ba. Masu sayen kayan nan su ne waɗanda da ma suna da kishin makarantar, suna neman abin da za su nuna shi da shi. Don haka a lissafinku ku ƙirga masu zuwa taro da masu biyan kuɗin ƙungiya, ku ajiye jerin duk wanda ya taɓa kammalawa a gefe.

Kafin a sayi ko yadi ɗaya, a samo izini a rubuce. Suna da tambari mallakar makaranta ne, ba na ƙungiya ba, ko da shugaban makarantar na yanzu ɗan ajinku ne. Shi zai tafi, wani ya zo ya ce bai san zancen ba, a rufe shago kaya na ciki. Takardar ta faɗi tambarin da aka yarda a buga, a kan waɗanne kaya, tsawon shekara nawa, kason makaranta a kowane ciniki, da wanda zai sa hannu a kan samfuri kafin a buga da yawa. Jami'o'in Amurka sun ɗauki wannan da zafi ƙwarai. A 2022 Jami'ar Jihar Ohayo ta yi rajistar kalmar THE kaɗai a matsayin alamar kasuwancinta a kan tufafi, saboda yadda ɗalibanta ke jaddada kalmar in suna faɗin sunan jami'ar. Ba a ce ku kai can ba, amma takarda shafi biyu ba ta fi ƙarfinku ba.

Sai launi, kuma a nan ake yawan yin ɓarna. Ka ce wa mai bugu "kore" kawai, zai ba ka koren da ke cikin gwangwaninsa. Bana kore shar, baɗi mai duhu, ranar taro a ɗauki hoto kamar makarantu uku ne suka haɗu. A tsayar da lamba daga kundin launuka na Pantone, a rubuta ta cikin takardar izini. Launin ruwan lemon Jami'ar Tekzas da ke Ostin lambarsa 159, kuma duk mai buga musu kaya da ita yake aiki. Jan launin Jami'ar Harbad ma ya samo asali ne daga 1858, lokacin da 'yan tseren kwale-kwalensu suka ɗaura jajayen hankici don a bambanta su da sauran, sai a 1910 aka tabbatar da shi a hukumance. Haka kuma kada a miƙa wa mai bugu hoton tambari da aka tsinta a waya. Da an faɗaɗa shi sai gefensa ya farfashe. A sa mai zane ya sake zana shi a fayil irin wanda ba ya dusashewa komai girman da aka ja shi, wato fayil ɗin AI (na manhajar zane ta Adobe Illustrator) ko SVG ko PDF, a yi kala uku: mai cikakken launi, mai launi ɗaya, da fari zalla don yadi mai duhu.

Kaya kuwa a fara da kaɗan: tishat, hana-salla, kofin shayi, sai ƙananan abubuwa irin su sitika da maƙalin mukulli waɗanda ɗalibi zai iya saya da canjin aljihunsa. Rigar sanyi mai hula tana da farin jini, amma tana cin jari, a bar ta sai da oda.

Tishat ɗin ta zama ta auduga mai nauyin giram 160 zuwa 180 a kowace murabba'in mita. Ƙasa da 150 shara-shara ce, wuyanta kan saki bayan 'yan wanki. A ɗaga ta a haske, in kana hango yatsunka sarai, mayar da ita. A juya cikinta a duba ko an bi kafaɗa da bayan wuya da ƙyallen ƙarfafawa, ko ɗinkin ƙasa layi biyu ne. Auduga kan tsuke kaɗan a wankin farko, saboda haka a auna faɗin ƙirji da tsawo da tef kafin a wanke samfuri da bayan an wanke.

Hanyar bugu ta danganta da yawa da kuma launi. In riga ta kai 50 zuwa sama kuma launin tambarin bai wuce uku ba, bugun allon raga ya fi araha kuma ya fi ƙarko, sai dai kowane launi da allonsa, kowane allo da kuɗinsa. Tawadar da aka fi amfani da ita tana buƙatar zafin da ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyos kafin ta nuna har ciki. In an yi gaggawa sama ta bushe ciki ɗanye, sai ta tsage ko ta bi ruwan wanki. Gwajin ba wuya: kama rubutun da hannu biyu ka ja, in ya daddare bai koma ba, bai gasu ba. Akwai wata matsala da ke zuwa a makare: farin rubutu a kan jar riga mai foliyesta. Zafi na tayar da rinin yadin ya shige cikin tawada, bayan kwana biyu ko mako sai fari ya koma ruwan hoda, alhali an riga an biya mai bugu. Maganinsa a sa tawada mai tare rini a ƙasa, ko a tsaya kan auduga zalla. In kuwa guda 10 ko 20 ake so, ko tambarin na da launuka barkatai, bugun DTF da ake mannawa da injin guga ya fi dacewa, illarsa babban zane kan zama kamar leda a ƙirji, ya riƙe zufa. Hula da riga mai kwala aikin zare na inji ya fi musu kyau, amma harafin da bai kai milimita 5 ba cushewa yake yi. Taken makaranta da ke zagaye da tambari da ƙananan haruffa ba zai karantu a goshin hula ba, a cire shi daga nan.

Ko wace hanya aka bi, a karɓi samfuri ɗaya, a wanke shi sau biyar, a shanya a rana, a goge ta baya. Sai ya tsallake wannan a ba da kafin alƙalami, rabi ya isa, cikon sai an ƙirga kaya an duba.

Abin da ke kashe irin wannan shago kwantai ne. Duba lissafin: an buga riga 100, an ɗora ribar kashi 25 bisa 100 a kan kuɗin saye. Sai an sayar da 80 cif kafin uwar kuɗi ta dawo. In 20 suka kwanta, an yi aikin banza, ba a ma cire haya da ladan mai tsaron shago ba. Da ribar kashi 50, a riga ta 67 ake fita. Waɗanda ke kwantawa kuma sanannu ne: riguna masu ƙananan lambobi da aka yi wa yawa, da duk abin da aka rubuta wa shekara. Rigar da ke ɗauke da shekarar bikin yaye ɗalibai, washegarin biki ta zama tsumma. Irin wannan, da rigar 'yan aji ɗaya masu taron cika shekara 10 ko 25, oda ake karɓa: a buɗe mako uku, kowa ya biya ya rubuta lambar rigarsa, a rufe, a buga adadin da aka biya da ƙarin kashi 5 saboda canji. Wanda ya ce "sa min, zan turo" bai yi oda ba.

Na kan kantar shago, a zubin farko na 100 ana iya raba su haka: S 10, M 25, L 30, XL 22, XXL 10, sai 3 mafi girma. Wannan na ɗalibai ne. Tsofaffin ɗalibai an ajiye tumbi, a matsar da lissafin sama da mataki ɗaya. Bayan wata uku littafin ciniki zai gyara muku rabon fiye da duk wata shawara. Mata kuma a tambaye su abin da za su sa da gaske, sau da yawa dogon hannu da jaka sun fi tafiya a wurinsu.

Ciniki ba kullum yake ba. Makon shigar sababbin ɗalibai, ranar wasa da abokan hamayya, bikin yaye ɗalibai da taron shekara, nan ne kuɗin yake. Tebur biyu a ƙofar zauren taro a waɗannan ranaku, da karɓar oda ta WhatsApp a aika wa na nesa, sun isa shekarar farko. Hayar shago ta jira sai an ga abin da littafi ya nuna.

In ana son abin da tsohon ɗalibi zai riƙe da daraja, a ware kaya ɗaya da kuɗi kaɗai ba ya saye. A Jami'ar Tekzas A&M ba a ba ɗalibin digirin farko damar odar zoben makarantar sai ya cika awoyin karatu 90 a lissafin kiredit na kwasa-kwasai. Ku ma kuna iya keɓe fil na ƙirji ko wata hula ga wanda sunansa ke cikin rajistar waɗanda suka kammala.

Batun amana kuma: asusun shago daban da na ƙungiya, mutum biyu ke sa hannu, kowane ciniki da rasit mai lamba, a ƙirga kaya duk ƙarshen wata da wanda ba shi ke riƙe da mukulli ba. Babu bashi, babu "ba shugaba guda biyu kyauta" sai an rubuta. Ribar a sa mata suna tun farko, tallafin karatun ɗalibai ne ko gyaran ɗakin karatu, a liƙa a jikin kanta, duk wata uku a turo wa mambobi abin da ya shigo da abin da ya fita, har da adadin rigunan da suka rage a kwali.