Amsa kan bidiyon ɗan tseren keken da ya jira abokin hamayyarsa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta yi ƙasa ya bari sai dare. Ƙanena, kai da ka turo bidiyon 'yan tseren keken nan, na ga abin da ka rubuta a ƙasansa. Ka ce da a Amurka ne, da na gaban ya ƙara wuta ya bar na ƙasa a kwance, wai mutanen Turai mutunci suka sani, Amurkawa kuwa nasara kawai. To ina da ja a kan wannan magana, amma bari mu fara da bidiyon kansa.

Gasar Tour de France ce ta 2022, zango na 18, a tsaunukan kudancin Faransa. Mai rigar rawaya, wato wanda ke kan gaba a gasar, Jonas Vingegaard ne ɗan Denmark. Wanda ya faɗi kuma Tadej Pogačar, shi ya ci gasar a 2020 da 2021. Suna gangarowa daga dutsen Spandelles, Pogačar ya sha kwana ya buɗe da yawa, taya ta hau tsakuwar gefen titi, ya zube. Vingegaard ya waiga, ya daina taka feda, ya jira shi. Da ya iso, wando a yage, cinya a goge, sai ya miƙa wa Vingegaard hannu. A nan bidiyonka ya tsaya. Abin da bai nuna maka ba, a hawan dutsen ƙarshe na ranar, Hautacam, Vingegaard ɗin nan ya tafi ya bar shi da tazarar fiye da minti 1. Kuma tun kafin faɗuwar yana gabansa da fiye da minti 2 a jimillar lokaci. Ka ga ke nan, jiran bai rage shi da komai ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Babu inda aka rubuta wannan jira a dokar gasar. Al'ada ce kawai tsakaninsu: in mai rigar rawaya ya faɗi, ko ya yi faci, ko ya tsaya kama ruwa a gefen hanya, ba a kai masa hari. Kuma tsohuwar al'ada ce. A 1971 Luis Ocaña ya faɗi a gangara cikin ruwan sama yana sanye da rigar, aka ɗauke shi zuwa asibiti, washegari Eddy Merckx ya ƙi saka rigar duk da ta zama tasa.

To me ya kawo al'adar? Ni dai ban yarda kyan zuciya ba ne kaɗai. Iska ce ta kawo ta. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san abin da nake nufi. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahala, na tsakiyar ayari ma ya fi haka. Saboda haka in mutum biyar suka ɓalle suka yi gaba, ko da kowa kulob ɗinsa daban, dole su riƙa karɓa-karɓa wajen tsaga iska, in ba haka ba ayari ya cim musu. Abokin gabarka shi ne inuwarka. Mutum 176 suka fara gasar 2022, zango 21, mako uku, sama da kilomita 3,000, kafaɗa da kafaɗa, a gangara wani lokaci gudun ya wuce kilomita 80 a awa, ba abin da ke jikinka sai 'yar riga da hular kwano. Wanda ka cuta yau, gobe tayarsa na gaban taka a bakin rami. Kamar direbobin dogon zango ne, wanda ya wuce ɗan uwansa da mota ta lalace masa a daji bai tsaya ba, to ya san shi ma hanyar zai sake bi.

Sannan, yawwa, ga babban bambancin: titi ba shi da usur. In mutum ya faɗi a kilomita na 120, da wuya alƙali ya tsayar da tsere saboda mutum ɗaya. 'Yan wasan ne da kansu za su yanke hukunci, cikin daƙiƙa biyu, numfashi na sama-sama.

A Amurka tsarin daban ne. Ƙwallonsu irin ta zari-ruga ɗin nan, alƙalai 7 ne a fili, ga agogo da ake tsayarwa, ga hutun da koci ke nema, ga maimaicin bidiyo. Ɗan wasa ya ji ciwo, usur ya tashi, wasa ya tsaya, likita ya shigo. An ɗauke wa ɗan wasa nauyin adalci an ɗora wa alƙali da littafin doka, shi aikinsa ya matsa har iyakar abin da doka ta bari. Shi ya sa a ƙwallon kwando za ka ga ana yi wa mutum keta da gangan don a tsayar da agogo, ko don an san bai iya jefa fanareti ba, kamar yadda aka riƙa yi wa Shaquille O'Neal, kuma ba wanda ke kiran hakan cuta. Dabara ce a wurinsu, ka yi laifin, ka biya kuɗinsa a fili. Akwai ma maganar da ake yawan jingina wa tsohon kocin zari-rugarsu Vince Lombardi, cewa nasara ita ce kaɗai abin da ke akwai. Na san irin wannan ce ta sa ka faɗi abin da ka faɗa.

Amma su ma suna da tasu kunyar, wurin da take ne daban. Tasu ita ce kar ka wulaƙanta wanda ka riga ka kayar. A 2020 wani matashi ɗan wasan besbol, Fernando Tatis ƙarami, kulob ɗinsa na gaba da 10 da 3, ya maka ƙwallo waje ya ƙara maki 4 a bugu guda. Doka ba ta hana ba, amma aka yi ca a kansa wai ya ci fuskar abokan wasa, har kocinsa bai goyi bayansa ba, yaro ya fito ya ba da haƙuri. A 2008 kuma, a wasan softbol (mai kama da besbol) na 'yan matan jami'o'i, Sara Tucholsky ta buga ƙwallo waje, sai gwiwarta ta samu matsala ta kasa zagaya fili, alhali sai ta zagaya makin zai cika. Alƙalai suka ce 'yan kulob ɗinta ba su da damar taimaka mata. 'Yan mata biyu daga ɗaya ɓangaren suka ɗauke ta cak suka zagaya da ita, kulob ɗinsu kuma ya sha kashi da 4 da 2. Wannan fa a Amurka aka yi.

Yanzu ga inda maganarka ta fi samun matsala: Lance Armstrong, ɗan tseren keke daga Texas ta Amurka. A 2001 Jan Ullrich ɗan Jamus ya kauce hanya ya faɗa gefen dutse, Armstrong ya jira shi. A 2003 igiyar jakar wani ɗan kallo ta sarƙe kan keken Armstrong a hawan Luz Ardiden ya faɗi, Ullrich ya rama masa alheri ya sassauta. Armstrong ya tashi ya ci zangon, ya ci gasar da daƙiƙa 61. Duniya ta yi ta tafi, ga dattaku. Ashe su biyun duk suna amfani da abubuwan ƙara kuzari. A 2012 aka ƙwace wa Armstrong kofuna 7 na 1999 zuwa 2005, a farkon 2013 ya amsa da bakinsa a hirarsa da Oprah Winfrey, Ullrich ma daga baya ya amsa nasa.

Kuma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na 2004. Wani ɗan Italiya, Filippo Simeoni, ya taɓa ba da shaida a kotu cewa likita Michele Ferrari, wanda Armstrong ke hulɗa da shi, yana ɗora 'yan wasa kan abubuwan ƙara kuzari. Simeoni ba barazana ba ne ga kowa a jadawali, yana can ƙasa. Ranar da ya yi yunƙurin shiga cikin waɗanda suka ɓalle ko ya samu zango ɗaya, Armstrong da rigar rawayarsa ya bi shi da kansa, ya san muddin yana cikinsu ayari ba zai bar su su tafi ba. Dole Simeoni ya haƙura ya koma baya, wasu suka bi shi da zagi, Armstrong kuma ya ja yatsu a leɓensa alamar a zuge baki. To zumuncin ayarin nan da ke sa a jira wanda ya faɗi, shi ne dai ya sa aka rufa wa juna asiri shekara da shekaru, wanda ya tona kuma a mai da shi saniyar ware.

Na ce ka riƙe maganar tazarar Vingegaard. Jira yana da sauƙi in kana gaba da minti 2. In kofi na rawa kuwa, labari yakan canja. A gasar Italiya ta 2017 cikin Tom Dumoulin ya ɓaci yana kan gaba, ya sauka ya shiga ciyawa, sauran ba su jima suna jira ba suka yi gaba, sai dai Allah ya taimake shi ya ci gasar a ƙarshe. A Tour de France ta 2010 kuma sarƙar keken Andy Schleck ta zame a dutsen Port de Balès yana sanye da rigar rawaya, Alberto Contador ya wuce shi ya samu daƙiƙa 39. Da nawa ya ci gasar a Paris? Daƙiƙa 39 cif. 'Yan kallo suka yi masa ihu ranar da ya karɓi rigar, ya fito a bidiyo ya ba da haƙuri, amma bai mayar da daƙiƙun ba. Sai a 2012 aka ƙwace kofin aka ba Schleck, shi ma ba don sarƙa ba, don an samu sinadarin da aka haramta a gwajin Contador.

In kun tambaye ni, a kan sarƙar kaɗai ban ga laifin Contador sosai ba, domin Schleck ne ya fara kai hari kafin ta zame, kuma wanda ya ta da faɗa ba ya cewa a dakata takalminsa ya cire. Na san Yaya ba zai yarda ba, shi mutumin Schleck ne tun asali. Yaya, ka nemo bidiyon ka sake kallo a hankali, ka duba wa ya fara miƙewa a kan feda, sai ka turo taka muryar.