Tambaya da Amsa: Wace Bishiya Tsuntsaye Suke So?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Mirya, kuma ina noman hatsi. Ƙungiyar matasan garinmu tana son farfaɗo da wani fako da ya daɗe babu ko tsiro, sai gardama ta kaure tsakanin masu cewa a dasa dogon yaro don ya fi saurin girma, da masu cewa a bar gawo da aduwa da sauran itatuwan ƙaya su tofo. Dattawa kuma suna tsoron kada itatuwan su jawo tsuntsaye masu cin hatsi. Shin akwai binciken da zai raba mana wannan gardama?

Amsa: Malam, akwai bincike, kuma ya fi karkata ga masu son itatuwan ƙaya. Wasu masana daga Holan, ƙarƙashin jagorancin Leo Zwarts, sun shafe shekaru suna ratsa Sahel da rani, suna tsayawa gindin bishiyoyi da ƙananan itatuwa ɗaya bayan ɗaya, suna auna faɗin kowace tare da ƙidaya tsuntsayen da ke cikinta. Sakamakon da suka fitar a 2015 ya nuna cewa tsuntsayen da ke zuwa daga Turai domin cin rani a wajenmu ba sa sauka a kan mafi yawan ire-iren itatuwa, sun fi taruwa a kan ƴan kaɗan, irin su gawo da kandili da aduwa. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya aka kawo shi, yana cikin waɗanda aka samu kusan babu kowa a kansu.

Dalilin yana cikin ganye. Itacen da ya kare kansa daga raƙumi da akuya da ƙaya ba ya cika sa ɗaci ko guba a ganyensa, saboda haka tsutsa da sauran ƙwari suna samun abin ci a jikinsa, tsuntsu kuma yana bin ƙwarin. Dogon yaro da ɗaci yake kare kansa, shi ya sa ma ake sa ganyensa a rumbu don korar ƙwari, kuma abin da ya kori ƙwaro ya kori mai cin ƙwaro. Gawo yana da wata falala ta daban, domin yana zubar da ganye da damina, ya tofo ya yi fure bayan kaka, daidai lokacin da baƙin tsuntsaye suke isowa a gajiye bayan sun ƙetare Sahara. Amma gawon da aka sassare wa rassa ƙwarai don ciyar da dabbobi amfaninsa gare su yana raguwa, saboda haka a riƙa sara da ƙa'ida, ana barin kai.

Muhimmancin dajinmu ga tsuntsayen Turai ya ƙara fitowa fili sakamakon abin da ya faru a 1969, lokacin da masu ƙidaya a Ingila suka tarar cewa fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo ba, daga baya kuma aka gano cewa farin da ya fara a Sahel ne ya hallaka shi.

Game da yadda za ku yi aikin, ba sai kun nemi misali daga nesa ba. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka gudanar a 2006 ya nuna cewa manoman Magarya da Matamai da Miryarku sun farfaɗo da itatuwa a kan fili kimanin hekta miliyan 1, mafi yawa gawo, ba da dashe ba, ta hanyar sassaben zamani, wato a zaɓi tofo biyu ko uku mafi ƙarfi a kan kututture a bar su, a sare sauran. Kututturen yana da saiwa mai zurfi tun da daɗewa, don haka ya fi ɗan dashe jure rani nesa ba kusa ba. Inda fakon ya yi tauri har babu kututture, sai a haƙa ramukan rabin wata su tare ruwa, a zuba takin awaki, wanda sau da yawa yake ɗauke da ƙwayar gawo. Kada kuma ku raina sabara da kalgo: gwaji a Senegal ya tabbatar cewa saiwar sabara tana ɗago ruwa daga ƙasa mai zurfi da dare, hatsin da ke kusa ya amfana.

Tsoron dattawa yana da tushe, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba, domin akwai masu cin ƙwaya da ke sheƙa a itatuwan ƙaya. Sai dai jan baki, wanda ya fi kowa ɓarna, yana bin ruwan sama da ƙwayar ciyawa ne a garke daga wurare masu nisa, kuma rashin bishiya a gona bai taɓa hana shi sauka ba. Baƙin da muke magana a kansu masu siririn baki ne, ƙwari suke ci, kuma yawancinsu suna isowa ne ana dab da girbi ko bayansa. A Senegal an rufe wasu zangarniyoyin hatsi da raga don hana tsuntsaye da jemagu isa gare su, aka ga murzuna, tsutsar da ke cin zangarniya, ta fi yin ɓarna a waɗanda aka rufe.

Shawarata ita ce a bar dogon yaro ga harabar makaranta da bakin hanya, inda ake buƙatar inuwarsa, fakon kuma a ba wa gawo da aduwa da magarya. Tunda kai malami ne, ka sa ɗalibanka su riƙa ƙidaya tsuntsayen wurin da sassafe sau ɗaya a wata, tun kafin a fara aikin, suna rubuta irin itacen da suka ga kowane a kai, domin da wannan lissafin ne za ku iya nuna wa dattawa da ma'aikatan gandun daji abin da ya canza bayan shekara uku ko huɗu.